Wa Ya Ƙona Kwamfutar Benson?

A wani gida mai ɗaki biyu a unguwar Romi, bayan layin masu sayar da katako, Dorcas na zaune da 'yarta Hephzibah, wadda kowa ke kira Hefzi. Dorcas kek take yi na biki da na suna. Hefzi tana aji shida a firamare. Maigidan, Benson, ya rasu a watan Maris bayan jinyar ƙoda ta wata bakwai. Bai bar fili ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari wata tsohuwar kwamfuta ce baƙa, laftof, wadda yake shirya waƙoƙin coci da ita. A cikinta akwai shi kansa: yana waƙa, yana koya wa Hefzi karatu, yana yi wa Dorcas tsiya a kan gishirin miya. Babu kwafin ko ɗaya a wani wuri, don wayarsa ta ɓace a asibiti. Abinci ba su rasa ba. Benson suka rasa, kuma a kwamfutar nan kaɗai ake iya ganinsa da jin muryarsa.

A watan Agusta fuskar kwamfutar ta fara nuna layuka kore daga sama zuwa ƙasa, sai ƙananan murabba'ai suka rufe fuskar Benson, daga baya ta yi baƙi ƙirin. Dorcas ta kai wa Ekene, mai gyara a Kakuri, wanda a nan aka haife shi kuma shekararsa goma sha biyu a shago ɗaya. Ya gyara. Bayan sati biyar cutar ta dawo. Ranar Juma'a da safe Dorcas ta sake kai masa, ta bar ta a can ta wuce Makera kai kek. Da yamma Samson mai napep ya dawo da ita gida a cikin jakarta, Hefzi ta karɓa ta ɗora a kan wadirob ba ta buɗe ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta sauko da jakar, ko za ta yi sa'a. Ihunta ne ya tara maƙwabta. Kwamfutar ta lanƙwashe kamar faranti, ƙasanta ya narke, maɓallan rubutu sun kumbura sun manne da juna.

Harrison, ƙanen marigayin, mai walda ne kuma mai saurin hawa. Shi ya fara faɗa.

"Ekene ne! Ya kwashe kayan ciki ya sayar, ya ƙona sauran don kada a gane."

Kafin la'asar maganar ta zagaye Romi. Litinin da safe Harrison ya zo Kakuri da mutum kusan ashirin. Ciyaman ɗin layin masu gyara ya tsaya a ƙofar shagon ya hana a taɓa Ekene, amma ya sa kwaɗo a shagon, ya ce in ba a gano gaskiya ba zuwa Laraba, Ekene zai bar layin, kuma a miƙa shi ga 'yan sanda. Sannan ya aika a kira Malam Auwal.

Malam Auwal ya yi shekara ashirin da shida yana aikin lantarki a masaƙa, yana bin waya taku-taku har ya kai inda ta ƙone. Da masaƙa ta rufe, sai ya ci gaba da bin sawu a unguwa: janareta da aka ɗauke, akuyar da ta ɓace, buhun da ya ragu a sito. Ba ya gaggawa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

*

Ya sa aka buɗe shagon, ya zauna a kan benci, ya ɗora kwamfutar a cinya. Ekene na tsaye, idonsa ja.

"Zauna, Ekene. Tsayuwarka tana sa ni gajiya. Faɗa mini cutarta tun farko, kamar kana koya wa tsoho."

Ekene ya ɗauko wani tsohon allon kwamfuta daga kwali, kore, mai ƙananan hanyoyi kamar taswira. Ya nuna wani guntu baƙi da bai fi kwalbar turare faɗi ba.

"Baba, wannan shi ne cif mai zana hoto. Duk abin da ka gani a fuska, shi ya zana. A ƙarƙashinsa akwai ƙwayoyin dalma ɗaruruwa, ƙanana kamar gero, su suka riƙe shi. Yau zafi, gobe sanyi, shekara da shekaru, sai su tsage. Daga nan sai layuka, sai duhu."

"Ta yaya ka san ba gilashin ba ne?"

"Na jona ta da talabijin, layukan suka biyo ta can ma. Da gilashi ne, da talabijin ya nuna tas."

"Sai ka yi me?"

"Na cire batir, na kwance ta, na fito da allon shi kaɗai, na rufe gefe-gefe da takardar gwangwani, na hura wa cif ɗin iska mai zafi da wannan bulowa. Dalmar ta yi laushi ta sake kamawa. Madam tana zaune nan inda kake, tana kallo. Da hoton mijinta ya fito har ta yi kuka. Na gaya mata wannan lallaɓawa ce, wata ɗaya ko biyu."

"Ranar Juma'a fa?"

"Na ce ba zan sake ba. In ka ƙara, cif ɗin yana iya mutuwa gaba ɗaya. Sai dai a nemo wani allon daga Legas. Ko sukuru ɗaya ban kwance ba, Baba, I swear. Mamana tana Sabon Tasha, jiya ta ji a bakin mutane an ce ɗanta ɓarawo ne."

Malam Auwal ya juya kwamfutar. A kan kowane sukuru akwai ɗigon jan farce.

"Wannan fa?"

"Alamata ce. In na rufe aiki sai in ɗiga, don in gane in wani ya buɗe bayana."

Tsohon ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zafi ya dafa jan, ya koma ruwan ƙasa, amma ko ɗaya bai fashe ba. Ya zare batirin. Batirin lafiya lau, ko ƙyalli bai rasa ba. Ya leƙa cikin jakar, ya shinshina, ya shafa. Ita ma babu tabo.

Ya mayar da batirin. Ya nemi a bar masa kwamfutar.

*

Ya sami Samson mai napep a tashar Kakuri yana cin masara. Da ya ga Malam Auwal sai masarar ta tsaya masa.

"Baba, ni fa kai kaya kawai na yi."

"Na sani. A ina ka ajiye jakar?"

Samson ya sosa ƙeya. "Fasinja sun cika. Na sa ta a baya, a kan murfin inji. Tun jiya nake tunani ko ni ne. Wallahi ban yi barci ba."

"Tuƙa ni zuwa Romi."

Malam Auwal ya sayi bokitin roba ƙarami, ya ɗora a inda jakar ta zauna. Suka bi ta Makera cikin cunkoso, suka tsaya a kowace mahaɗa. Da suka isa ya taɓa bokitin, ɗumi kawai.

"Injinka ko man shanu da ƙyar zai narkar. Je ka ci masararka."

"Allah ya ƙara girma, Baba. Bokitin fa?"

"Riƙe. Ladan rashin barci."

*

Wasu a Romi sun riga sun raɗa masa cewa bayan jana'iza Harrison ya nemi a ba shi kwamfutar, Dorcas ta hana, har suka yi sati uku ba sa gaisawa. Kuma mai walda ba ya rasa wuta. Malam Auwal ya same shi yana haɗa ƙofar ƙarfe.

"An ce ka so ta."

Harrison ya kashe wutar, ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Na so ta. Yayana ne. Shi ya goya ni zuwa makaranta. Ni ma ina so in ji muryarsa, laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Ina kake ranar Asabar?"

"Kachia, aikin tankin ruwa. Tun Juma'a na tafi, Lahadi da safe na dawo na wuce coci da kayan aiki. Tambayi direban da ya kai ni. Baba, kana ɓata lokaci. Mutumin nan ne."

"Wutar waldarka in ta taɓa roba, me take yi?"

"Huda ta take, nan take."

"To wannan ba a huda ta ba. A hankali ta dahu, ko'ina daidai."

Harrison ya sauke gilashin fuskarsa, ya koma kan ƙofar.

*

Talata da hantsi Malam Auwal ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarmarsa, ya riƙe kwamfutar a tsaye, ramin fanka yana kallon ƙasa, ya bubbuga ta da yatsa. Ƙura ya zata. Abin da ya zubo yashi ne, mai laushi, wanda aka tankaɗe. Ba fari ba ne kamar na magina, ya yi ja-ja kamar an soya shi. Ya murza a tafin hannu ya kai hanci. Bayan ƙaurin roba akwai wani ƙamshi siriri, na bota da sukari.

Ya daɗe zaune. Sannan ya naɗe takardar, ya sa hula, ya nufi Romi.

Hefzi ce ta buɗe masa. Ba ta je makaranta ba tun Litinin. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo kujera da ruwa.

"Mama ta je karɓo fulawa, yanzu za ta dawo. Baba, ka gano shi?"

"Ina kan hanya, jikata. Ina kike ranar Asabar da safe?"

"Koyon waƙa a coci, daga tara zuwa sha biyu."

A gefen tsakar gida akwai babbar tukunyar ƙarfe a kan murhun gawayi, da murfi mai nauyi.

"Wannan ta abincin biki ce?"

Yarinyar ta ɗan yi murmushi, na farko a kwana uku. "A'a, ta kek ce. Ba mu da oben. Mama tana zuba yashi a ƙasa, ta jera gwangwanin madara uku, ta ɗora kwanon kek a kai, ta rufe. Ba ta taɓa ƙona ko ɗaya ba. Da tafin hannu take gane zafi. Babana yakan ce hannunta ya fi agogo."

Ta ɗaga murfin don ta nuna masa. Malam Auwal ya ɗebi yashin da yatsu biyu ya duba. A bakin ɗaya daga cikin gwangwanayen akwai baƙin abu da ya daskare, an kankare shi da wuƙa amma bai fita duka ba.

A lokacin Dorcas ta shigo da buhu a ka. Ta ga murfin a hannun 'yarta, ta ga yatsun tsohon. Ta sauke buhun a hankali.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa, Maman Hefzi. Wucewa nake yi." Ya miƙe. A bakin ƙofa ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Gobe ƙarfe goma a shagon Ekene. Zan faɗi abin da na gani, don ba zan bari a kori mutumin da bai yi komai ba. Amma zan yi magana a hankali, 'yata, kuma zan riƙa tsayawa. Duk inda kika ga dama, ki karɓe ni."

Ta raka shi da ido har ya fita. Sannan ta rufe ƙyauren.

*

Laraba shagon ya cika har waje. Ciyaman na zaune da kwaɗon a hannu. Ekene na jingine da bango, Samson a bakin ƙofa, Harrison ya harɗe hannu. Dorcas da Hefzi suna kan benci.

Malam Auwal ya ajiye kwamfutar a tebur.

"Za mu bi ta daki-daki. An ce an sace kayan ciki. Ga alamar jan farce a kan kowane sukuru, ba a fasa ko ɗaya ba. Tun Agusta ba a buɗe ta ba, don haka babu abin da aka sace. Ciyaman, duba da idonka."

Ciyaman ya duba, ya gyaɗa kai.

"Bulowar Ekene wuri ɗaya take ƙonawa, kamar faɗin kwabo. Wutar Harrison hudawa take, kuma yana Kachia. Injin Samson bai iya narkar da bokiti ba. Jakar ma ba ta ƙone ba, ke nan an fito da kwamfutar, ta ƙone, ta huce, aka mayar."

Ya tsaya. Ya dubi wajen bencin, sannan ya ci gaba.

"Ga batir, lafiyarsa ƙalau. An cire shi kafin zafi, aka mayar bayan an gama. Mai son ɓarna ba ya wannan. Wanda ya yi, ya taɓa ganin yadda ake gyara, kuma gyara ya zo yi."

Ya sake tsayawa, ya fi na farko daɗewa. Sannan ya zaro takardar daga aljihu ya fara warware ta.

"Bari, Baba."

Dorcas ce. Ta miƙe, ta riƙe gefen teburin.

"Ni ce."

"Anti, me kike faɗa?" in ji Harrison.

"Ni ce, Harrison. Na ga Ekene ya cire batir ya sa mata zafi, Benson ya dawo. Ranar Juma'a ya ce ba zai sake ba. Na dawo gida na ga yarinyar nan tana kallon saman wadirob, ba ta ci abinci ba. Na ce a raina, zafi dai ne, ni kuwa shekara goma sha biyar ina aiki da zafi. Da ta tafi coci na rage gawayi sosai, na ɗora ta a kan gwangwani, na ce minti biyar. Sai mai kek ɗin suna ta zo da rigima a kan kala, na fita ƙofar gida." Ta share ido da gyale. "Da na dawo na ji ƙauri tun daga zaure."

"Kika bari na tara mutane?" Harrison ya ce, amma ba da ƙarfi ba. "Kika bari na kira shi ɓarawo a gaban layinsu?"

"Na buɗe baki ranar Lahadi. Sai na ga fuskarta. Ta yaya zan ce mata ni na ƙona abin da ya rage mata na ubanta? Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa." Ta juya wajen Ekene, ta durƙusa har ƙasa. "Ekene, na cuce ka. Ka yafe mini, ka roƙar mini mamanka."

Ekene ya kama hannunta ya ɗaga ta. Fuskarsa ta canza, ba fushi ba ne.

"Madam, tsaya. Kin zaci in fuskar ta mutu, hotunan sun tafi?"

"Ba haka ba ne?"

"A'a. Cif ɗin zane kawai yake yi. Waƙoƙin da hotunan suna cikin rumbun ajiya, wani abu ne daban. Ranar Juma'a lafiyarsu ƙalau. Minti goma ne in cire rumbun in kwashe miki komai a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta." Ya dafe kai. "Ban gaya miki ba. Mutane sun cika shago, na ɗauka kowa ya sani. Chineke, Allahna. Ban gaya miki ba."

Wata mata a waje ta ce, "Wayyo Allah."

Ciyaman ya ajiye kwaɗon a kan tebur, ya tura shi gefe. "Ekene, shagonka naka ne. Ni da kaina zan bi layin nan in faɗa." Harrison ya matso, ya cire hula, ya ce zai je Sabon Tasha ya ba mahaifiyar Ekene haƙuri da bakinsa. Ekene ya gyaɗa kai kawai, ya riga ya ɗauki sukurudireba.

Robar ta manne, sai da ya yanka ta da wuƙa. Ya fito da rumbun, ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, takardar jikinsa ta yi baƙi. Ya jona shi da tasa kwamfutar. Kowa ya matso. Rumbun ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ya canza waya ya sake. Ya kai shagon maƙwabcinsa ya gwada a can. Ya dawo ya zauna, ya kasa kallon yarinyar.

"Zan aika Legas," ya ce. "Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Zafin ya shige shi sosai."

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Malam Auwal ya zubar da yashin a waje, ya karkaɗe hannu, ya zo ya tsuguna a gaban Hefzi duk da ciwon gwiwarsa.

"Jikata, na ce miki ina kan hanya. Ga inda hanyar ta kawo ni. Ban so ba."

Hefzi tana nan a kan benci inda take tun da uwarta ta miƙe. Ta dubi kwamfutar a yanke a kan tebur. Ta dubi Dorcas, wadda ta koma ƙarshen benci ta zauna ita kaɗai, ta rufe fuska da gyale, ta bar wuri mai faɗi tsakaninsu kamar ba ta da ikon matsowa.

Samson ya ce zai kai su gida. Dorcas ta shiga baya ta manne da gefe. Hefzi ta tsaya a bakin napep ɗin har Samson ya waiwayo. Sannan ta shiga, ta matsa har kafaɗarta ta taɓa ta uwarta.

"Mama, yaushe rabonki da abinci?"

Dorcas ta girgiza kai.

"In mun je gida zan dafa mana."

Suka wuce Makera. Hefzi tana kuka, amma ba ta janye kafaɗarta ba. Ta gane cewa ba za ta sake jin muryar babanta ba, kuma uwarta ta yi kwana huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, don tsoron kada 'yarta ma ta guje ta.